Rainon okid a Kaduna: jiƙaƙƙiyar gansakukar da ke ɓoye cikin tukunya

Har yau raina na ɓaci da yadda ake sayar da okid, wato wata shukar fure ta ado, a garin nan. Irin da aka fi kawowa shi ne Phalaenopsis, mai faffaɗan ganye, wanda asalinsa dazuzzukan Filifin, Indunusiya da Malesiya ne. A can a jikin bishiya yake maƙalewa, saiwarsa a fili, ruwan sama ya jiƙa ta, iska ta busar da ita. Amma mai sayar da fulawa a bakin titi sai ya dasa shi a baƙar ƙasa da takin shanu kamar mai dasa rogo. Nawa bai zo da ƙasa ba, ya zo da abin da ya fi ta ɓarna. A sama ɓawon itace ne, a tsakiya kuwa dunƙulen gansakuka ne, irin mai riƙe ruwa kamar soso, da aka matse masa tun yana ƙarami, ba wanda ya cire, ba wanda ya faɗa mini.

Da rani ba a gane komai. Sai a watan Agusta, da damina ta kankama, ganyen ya fara yanƙwanewa. Duk wanda ya ga haka zai ce ƙishi ne, ya ƙara ruwa, alhali saiwar ce ta ruɓe ta kasa jan ruwan. Sama a bushe, ciki kuwa gansakukar ba ta taɓa bushewa ba. Da na zazzage tukunyar, yawancin saiwoyin sun yi baƙi, in ka matsa sai fatar ta sulluɓe ta bar zare.

Saiwa mai rai tana da tauri, fara-fara ce in ta bushe, koriya in ta jiƙe. Duk wadda ta yi laushi na yanke ta da almakashin da na goge da sifirit, na tsince gansakukar tas, na bar shukar ta sha iska kwana guda. Sai na mayar da ita ƙaramar tukunyar roba mai haske wadda ake ganin cikinta, na huda ta ƙasa da gefe-gefe. Haɗin da ya yi mini aiki: kashi 2 na gutsattsarin ɓawon kwakwa, kashi 1 na gawayi, kowanne kamar girman yatsa. Ɓawon kwakwar sai an jiƙa shi kwana 2 ko 3 ana sauya ruwa, don yana riƙe gishiri. Babbar tukunya ba gata ba ce, tsakiyarta ba ta bushewa, matsalar gansakuka ce ta dawo ta wata ƙofar.

Ban ruwa ba shi da rana, saiwa ake dubawa. Idan koriya ce, a bari. Idan ta yi fari, a kwarara ruwa da safe har ya fita ta ƙasa. Da damina yakan kai kwana 10, da hunturu kwana 4 ko 5. Kada ruwa ya kwanta a tsakiyar ganyen, nan ne zuciyarsa, in ta ruɓe shi ke nan. Ruwan sama ya fi na burtsatse. Taki kuma na narkarwa a ruwa ne, irin mai lamba 20-20-20 a kwalinsa, rubu'in abin da aka rubuta a kwalin, duk mako 2. NPK na gona mai ƙwaya-ƙwaya ƙone saiwa yake yi.

Tagar gabas ta ishe shi haske. Ranar Maris da Afrilu tana ƙona ganye cikin yini ɗaya, don haka labule mai shara-shara dole ne.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne hunturu. Na ɗauka shi zai ƙarasa shukar, ashe sanyin daren Disamba da Janairu ne yake sa ta fitar da karan fure, domin irin wannan okid sai ya sami makonni na sanyi-sanyi kafin ya yi niyya. Karan yana fitowa daga gindin ganye, bakinsa a baje, na saiwa kuwa a mulmule yake. Sai dai busasshiyar iskar tana zubar da ƙullin furen kafin ya buɗe. Na ɗora tukunyar a kan faranti mai tsakuwa da ruwa, gindinta bai taɓa ruwan ba, na nisantar da ita daga fanka, ina goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma. Furen in ya buɗe yana kai wata 2 zuwa 3. Wani farin ƙwaro mai kama da auduga da ke kama shukar kuwa, auduga da sifirit ke cire shi.

Yanzu duk okid da ya shigo hannuna, ko da fure a kansa, sai na tura yatsa har tsakiyar tukunyar. In na taɓa gansakuka a matse, a ranar nake cire ta.