Maroƙi ya ƙirga uku, ni na san huɗu

Watan jiya na je ƙauyenmu bikin ɗiyar ƙanena. Daga Tawa ba wata tafiya ba ce: gudron Agadas za ka bi, kafin Tabalak ka sauka, sauran kuma rairayi ne wanda ɗan kabu-kabu ya san shi ko da dare. Bayan la'asar maroƙin garin ya tsaya ƙofar zaurenmu yana wasa gida. Ya kira mu gidan fatoma jikan fatoma, gidan da murhu ba ya hucewa. Ya ambaci kakan babana, ya ambaci kakana, ya ambaci baffana, sai ya juya kan dangin ango. Na miƙa masa jika ɗaya kamar yadda aka saba, amma abin ya tsaya mini a rai har na dawo Tawa. Mutum huɗu suka riƙe zauren nan. Ta huɗun Gwaggo ce, yayar babana, kuma riƙonta kaɗai na gani da idona.

Yaran yanzu in an ce masauki otel suke hangowa, da makullin ɗaki da takardar biya. Fatoma ba haka yake ba. Baƙo ya sauka, ba a tambayarsa kuɗin kwana. A ba shi ruwa, a ba shi fura, a shayar da dabbobinsa, a shigar da kayansa ɗakin ajiya. Gari ya waye fatoma ya nemo masa mai saye, ya tsaya tsakani har a yi tayi a sallama. Abin da yake samu shi ne la'ada, sai ɗan alherin da baƙo ya ga dama. Idan kuwa mai saye ya ɗauki kaya bashi ya ƙi biya, wuyan fatoma ne. Jarinsa ke nan: baƙo ya yarda da shi, gari ya yarda da shi.

Kakan babana ne ya gina zauren, lokacin Faransawa ba su daɗe da kafa bariki a Tawa ba. Rijiya ce ta ja shi wurin, don ayari ba ya zango inda ba ruwa. Buzaye kan gangaro daga arewa da kantun gishirin Bilma da dabino, wasu da gishirin Tigidda ta hanyar Ingal, su nufi Ƙonni da Sakkwato, su komo da hatsi da turkuɗi. Tsofaffi sun ce da kaka har bayan gida ba a samun wurin taka ƙafa saboda amale a durƙushe. Ya ga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ya rasa ƴaƴa biyu a cikinta. Amma labarinsa da ake ba kowane yaro a gidanmu na ajiya ne.

Da kakar 1916 wani madugu ya bar masa kantu arba'in, ya ce zai koma Abzin ya dawo. A watan Disamba na shekarar Kawsan, jagoran tawayen Buzaye, ya yi wa Agadas ƙawanya. Faransawa suka ƙwace garin a Maris na 1917, suka huce haushinsu a kan mutanen Abzin, hanya ta mutu. Madugu bai dawo ba. Damina ɗaya ta wuce, ta biyu ta kama, gishiri ya fara jan laima yana zubewa. Tsohon ya kira liman da dattawa biyu, ya sayar da gishirin a gabansu, ya mayar da kuɗin azurfa, ya zuba a tukunya ya binne a cikin zaure, daidai inda yake shimfiɗa buzunsa. Shekara goma sha ɗaya yana zaune a kan kuɗin wani. Ranar da ɗan ƙanwar madugun ya zo, sai da ya zana masa a ƙasa irin shaidar da ke wuyan raƙuman kawunsa kafin a tono tukunyar. La'adarsa kawai ya cire. Ni ina ganin abin da gidanmu ya ci shekara hamsin bayan nan, daga tukunyar nan ya fito, don labarin ya riga mu isa kowane zango.

Kakana shi ne wanda gari bai so ba. Zamaninsa ne na lanho, wato harajin Faransawa, da aikin tilas. Dogaran kumandan su sauka ba sallama, a yanka musu kaji, dawakinsu su cinye harawa, su tashi ko sannu babu, wani lokaci ma su tafi da samarin unguwa aikin hanya. Shi ne ya fara karɓar kuɗin harawa da ƙaiƙayi daga fatake, abin da babansa bai taɓa yi ba, aka yi ta ce masa marowaci. Na daɗe ina jin wannan zargi, kuma ban yarda da shi ba. Mutumin da ake ci masa rumbu da ƙarfi, in bai nemi inda zai toshe ba, zaure rufewa zai yi. Da aka soke aikin tilas a 1946, ƙafa ta saki, Adarawa suka bazama Kumasi, daga baya Abijan. Sai baƙin gidan suka sake kama: samari daga ƙauyukan kewaye masu jiran kamiyo, kowa da ƙunshinsa da sandarsa, su kwana biyu ko uku kafin mota ta cika. Kakana ya ƙara shigifa biyu saboda su.

Baffana ya gaji gidan ana gab da fari na 1973. Mutumin kirki ne mai son hira, shayinsa ba ya sauka daga wuta. Sai dai zamani bai ba shi dama ba. Farin ya kashe raƙuma da shanu, Kunce ya karɓi mulki a Afrilun 1974, sannan a ƙarshen shekarun 1970 aka shimfiɗa gudron da ya haɗa Tawa da Agadas da Arlit saboda uraniyom. Gudron bai bi ta garinmu ba. Motar da a da dole ta kwana, yanzu wucewa take yi can nesa, ƙararta kawai muke ji da dare. Baffa ya jure shekara biyu yana zaman zaure ba baƙo, sannan ya bi sahun waɗanda ya saba yi wa rakiya. Ya tafi Abijan cin rani ɗaya, ya yi shekara goma sha tara.

To, a nan ne maroƙi ya tsaya, a nan kuma nawa labarin ya fara.

Gwaggo ta dawo gidan ubanta bayan ta fita takaba. Ba wanda ya naɗa ta komai. Babana manomi ne, da asuba ya fita sai magariba, shi ba ruwansa da fatake. Wata ranar Jumma'a masu kai bisashe kasuwar Lahadi ta Tawa suka yi sallama, ba namiji babba a gida. Ina da shekara bakwai. Ta ɗora mini ƙwaryar fura a ka, ta ce: "Tahi ka kai musu. Kak ka tambayi kowa sunanai sai ya sha." Tun daga ranar na zama ƙafarta da bakinta.

Ba ta taɓa zama cikin zaure da maza ba. Akwai ƴar taga a bangon da ya raba zaure da cikin gida, faɗinta bai fi tafin hannu biyu ba. Nan take ajiye kujerarta ta tsugunno, tana kaɗi ko tana tsince wake, kunnenta na zaure. A yi tayin rago, mai rago ya dubi tagar. In ta yi shiru, ciniki bai kai ba. In ta ce, "Ɗana, ce mai albarka," na faɗa da ƙarfi, dattawa da gemunsu su ƙara kuɗi. Ta san wanda ke biya a garin da wanda sai an bi shi gona, ta san matar da ke yin cukun kirki da mai tsarma madara da ruwa. Baƙi Inna suke ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Sai 1984 ta zo. Ruwa ya ɗauke hatsi na kan ɗiga, ga shi tun watan Afrilu gwamnatin Buhari ta rufe iyakar Najeriya, hanyar da hatsi ke shigo mana in namu ya ƙi. Shi ya sa har yau yunwar nan El-Buhari muke kiranta. Mutanen arewa suka gangaro a ƙafa, Fulani da Buzaye waɗanda bara suke da garke, bana sai tukunya da tabarma. Ba fatake ba ne, ba su da abin sayarwa, ba la'adar da za a samu a kansu. Amma iyayensu sun gaya musu akwai wani zaure kusa da rijiya, shi suka nufo.

Abin da na fi tunawa ɗakin ajiya ne. Kullum da hantsi Gwaggo ta shiga da tiya, ta auni abin da za a daka, ta ɗauki gawayi ta ja layi ɗaya a bango kan kowace tiya. Layin gida a hagu, layin zaure a dama. Ba ta yi lakwal ba, allo ma ba ta yi nisa ba, amma ba ta taɓa ɓatan lissafi ba. Da rumbu ya ja ƙasa, fura ta koma ruwa-ruwa har kana ganin gindin ludayi. Aka koma dilo, ƴaƴan anza, da ake jiƙawa kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacin ya fita, aka haɗa da ganyen jiga da jar dawar taimako in ta iso. Hannuwanta suka tsattsage saboda wankin dilo. Ta sayar da tasoshin jerenta ɗaya bayan ɗaya, ta sayar da tunkiyarta, daga ƙarshe ta tuɓe mundayen azurfa da ta gada wurin uwarta.

Wani dare na ji babana yana yi mata magana ƙasa-ƙasa a bakin murhu: "Yaya, ki duba yaran ga. Mu ma ba mu da na gobe." Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce: "Na gani, ƙanena. Amma zauren ga ba ni na gina shi ba, ba ni zan ruhe shi ba. Ka bar mini layin dama, in na taɓa na hagu ka yi magana." Ba ta taɓa na hagu ba. Nata rabon take turawa dama, abin da ban gane ba sai da na girma na tuna yadda zanenta ya riƙa zagaye ta sau biyu. Ban ga laifin babana ba, uba ne yana kallon ƴaƴansa suna ramewa. Amma da maganarsa aka bi, yau ba abin da maroƙi zai wasa.

A shekarar mutum uku suka rasu a zaurenmu, cikinsu har da wata jaririya. Gwaggo ce ta yage farin mayafinta aka yi mata likkafani.

Bayan yunwa ta wuce ta ci gaba da riƙo shekara ashirin da biyar. Baƙin ba su kai na da ba: masu jakuna da itace, masu tabarmi, almajirai, makiyaya masu hawa arewa da damina. Sai wata ajiya sabuwa da ta samu. Kafin salula da gidajen aika kuɗi, ɗan cin rani in zai aiko saƙo daga Abijan ko Libiya, hannu da hannu ne, kuma zauren Inna ake cewa a kai. Kuɗi a ƙulle cikin tsumma, turmin atamfa, kaset da mutum ya ɗauki muryarsa don matarsa ta ji. Ta kan sa ni in rubuta sunan mai shi a takarda in soke a jiki, amma ita ko ba takardar ta san na wane da na wane. Da Baffa ya dawo a 2001, tsoho, ido ya raunana, ta sa aka shimfiɗa masa buzu a zaure inda kakansu ke zama. Shi ake gaisarwa, ita ake kallon tagarta. Ta rasu a 2009, shi ya bi ta bayan shekara biyu. Yanzu bas na tashi Tawa ta wuce Tabalak kafin shayin farko ya nuna, ba mai neman zango.

Washegarin biki na tarar da maroƙin a gindin bedi, na gaishe shi, na ce: "Baba, jiya ka tsallake mutum ɗaya." Ya san wadda nake nufi tun ban ƙarasa ba. Ya ce haka ya gaji jerin daga mahaifinsa, kuma bai taɓa jin an kira mace fatoma ba. Ya yi shiru, sannan ya ce shi kansa a shekarar El-Buhari wata biyu yana shan furar layin dama, shi da ƙannensa biyu. Na roƙe shi ya sa ta. Ya ce in Allah ya kai mu suna, zan ji.

Mun haɗa kuɗi ni da ƙannena za a sake rufin zauren kafin damina, don azara biyu sun karye. Na shiga ɗakin ajiya da magini, na haska bango da fitilar salula. Layukan gawayin suna nan, na hagu ruwa ya wanke rabinsu, na dama kuwa sun kai har kusa da ƙofa. Na ce masa ya yaɓe ko'ina, ban da wannan bangon.