Godiya ga waɗanda suka taya ni farfaɗo da kayan aikin taswirata

Alhamdulillahi. Jiya da yamma ɗan kayan aikin da na rubuta don ƙirga rijiyoyin burtsatse a kan taswira ya dawo aiki, bayan kwana tara muna fama. Waɗanda suka tsaya mini a kwanakin nan sun wuce "na gode" kawai, don haka bari in faɗi abin da kowa ya yi.

Tun 2017 na rubuta shi da Python, harshen rubuta manhaja, a kan QGIS 2.18, manhajar aikin taswira. Aikinsa ba shi da yawa: ya karanta wuraren da aka ɗauko da GPS, ya yanka taswira gida-gida, kowane gida mita 500, ya faɗi rijiya nawa ce a kowanne. QGIS 3 ya fito tun Fabrairun 2018, ya bar Python 2 ya koma Python 3, ya bar Qt4 ya koma Qt5 (Qt shi ne abin da ake gina tagogi da maɓallan manhaja da shi), kuma masu shi sun jera duk abin da suka sauya. Ni ne na yi kunnen uwar shegu. Kullum sai in ce sai na samu sarari, har aka daina kula da Python 2 a farkon 2020 ina nan ban motsa ba. Da aka sauya mana kwamfutoci aka ɗora QGIS 3.34, na buɗe na nemi maɓallina sama ko ƙasa. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Godiyar farko ga abokin aikina na teburin kusa. Shi ya ce in buɗe fayil ɗin metadata.txt, inda aka rubuta qgisMinimumVersion=2.0, wato mafi ƙarancin lambar QGIS da kayan aikin ke buƙata. Muna mayar da shi 3.0 sai manhajar ta yarda ta gwada loda shi, nan take kuwa ta yi kuka cewa babu PyQt4, wato mahaɗin Python da Qt4. Ya zauna muka bi layukan import, masu ɗauko kayan da rubutun ke buƙata, ɗaya bayan ɗaya, muka mayar da su qgis.PyQt, muka kwaso QAction da QDialog daga QtGui zuwa QtWidgets inda suka koma. Abokina, Allah ya bar zumunci.

Sai Malamina da ya fara koya mini wannan sana'a. Na kira shi da dare, bai ce mini sai gobe ba. Ya bayyana mini cewa QgsMapLayerRegistry ya tafi, yanzu QgsProject.instance() ke riƙe da shimfiɗun taswira, processing.runalg kuma ya zama processing.run, wanda ke son a kira kowace ƙima da sunanta maimakon a jero su. Shi ne kuma ya gano dalilin da fayil ya ƙi buɗuwa: akwatin zaɓen fayil a PyQt5 abu biyu yake dawowa da su, sunan fayil da nau'in da aka tace, ni kuwa ina miƙa su duka a matsayin suna. Malam, Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri.

A rana ta shida jan rubutun da ke nuna kuskure ya ƙare. Kayan aiki ya gudu har ƙarshe, taswira ta fito, na fara murna.

Ƙanwata da ke koyon aiki a wurinmu ce ta leƙo ta ce, "Yaya, ya aka yi duk gidajen launinsu ɗaya?" Na ce wataƙila tsarin launi ne. Ba ta yarda ba. Ta buɗe teburin bayanai ta nuna mini: kusan kowane gida rijiya ɗaya aka rubuta masa, har wurin da dukanmu muka san sun yi cunkoso. Kwana biyu ta yi tana sa print a tsakanin layuka don ganin lambobin da ke fitowa, har ta kama shi. Ina mayar da lambobin wuri cikakkun mita, sannan in raba da 500 don sanin gidan da rijiya ta faɗa. A Python 2, 1750 / 500 uku yake bayarwa, ya yar da saura. A Python 3 kuwa 3.5 ne. Ke nan kowace rijiya ta samu gidanta ita kaɗai, kuma manhajar ba ta ce uffan ba, don a wurinta ba a yi kuskure ba. Gyaran duka sanda ɗaya ce aka ƙara, / ya zama //, a layi biyu. Da wannan taswirar ta fita, da an yanke shawarar inda za a haƙa sabbin rijiyoyi a kan ƙarya, da sa hannuna a ƙasa. Har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Ƙanwata, Allah ya yi miki albarka, ya ƙara basira.

Ranki ya daɗe shugabar sashenmu, na gode da ƙarin mako guda da kika ba ni ba tare da kin ɗaga murya ba. Haka kuma ɗan'uwan da ya ara mini tsohuwar kwamfutarsa mai 2.18 a ciki: da ita muka gudanar da bayanai iri ɗaya a tsoho da sabo, muka gwada gida da gida, lissafi ya zo daidai.

Gobe da safe in sha Allahu zan miƙa taswirar. Ɗan'uwa, kwamfutar kuma ranar Litinin zan dawo maka da ita, har da cajarta.