Biskit ɗin Amurka Mai Cikin Nama da Cuku: Yadda Nake Yin Sa da Inda Yake Ɓaci

Biskit ɗin da Amurkawa ke ci da safe, musamman a jihohin kudancin ƙasar, ba mai ƙaras-ƙaras ɗin nan na kwali ba ne. Ɗan burodi ne mai laushi marar yis, bekin fauda da bota mai sanyi ke tayar da shi, idan ya yi kyau kuma ana ɓare shi da hannu falle-falle. Abin da nake cusa masa na aro shi ne daga sanwicin birnin Filadelfiya, wanda ake danganta farkonsa da wani mai sayar da abinci, Pat Olivieri, a wajajen 1930: naman sa yankan sirara, soyayyiyar albasa da narkakken cuku. A Amurka mutane da yawa kan sayi kwaɓin gwangwani irin na kamfanin Pillsbury, su cusa nama su gasa. Ni da hannu nake kwaɓawa, kuma abin da na gano shi ne kwaɓin da naman ba sa shiri. Kwaɓi na son sanyi, ba ya son laima, nama kuwa da zafi da ruwa yake saukowa daga wuta. Kusan duk ɓacin da na gani daga nan ya taso.

Shi ya sa nake fara aiki da nama, don ya sami lokacin hucewa. Na biskit takwas, giram 250 na nama ya isa, da albasa ɗaya matsakaiciya, rabin koren tattasai, cuku giram 120, gishiri da masoro. A Filadelfiya naman gadon baya na wajen haƙarƙari suke amfani da shi, mai zanen kitse a cikin tsoka. Shanun kiwonmu ba su da irin wannan kitsen, tsokarsu kuma ta fi tauri, don haka nake sa mahauci ya ciro mini tsokar nan mai laushi da ke kwance a ƙarƙashin ƙashin baya. In ba a samu ba aka ɗauki ta cinya, akwai dabara: a yanka, a barbaɗa bekin soda rubu'in ƙaramin cokali, a cakuɗa, a bar shi minti 15, a ɗauraye, a tsane shi sosai da tsumma mai tsabta. Kada a wuce wannan adadin, in ba haka ba naman zai yi santsi a baki ya ɗauki ɗanɗanon sabulu.

Yanka sirara ba ya yiwuwa da nama mai taushi yana zamewa a ƙarƙashin wuƙa. Ina sa shi a firiza minti 30 zuwa 40, har ya sandare amma bai zama ƙanƙara ba, sannan in yanka kaurin milimita 2, ina gicciye zaren tsokar, ba bin tsawonsa ba. Bayan haka ina sake datsa shi guntu-guntu kamar faɗin farce. A sanwici dogon yanki ba laifi ba ne, amma a cikin biskit, cizo ɗaya zai janyo naman duka waje ya bar ɓawon fanko.

Suyar tana son kasko mai kauri da wuta mai ƙarfi. Man girki babban cokali ɗaya, a bari ya fara hayaƙi kaɗan, a zuba rabin naman a baje, kada a taɓa shi na tsawon minti ɗaya, a juya, bayan daƙiƙa 30 a kwashe. Sai ɗaya rabin. Na gwada zuba shi duka lokaci guda don in ga bambanci: zafin kaskon ya faɗi, naman ya saki ruwa, ya dahu a cikin romonsa, ya fito fari-fari ba ƙamshin suya. Kuma kada a soya shi ya ƙone, domin akwai sauran minti 20 da ke jiransa a obin. Gishiri a ƙarshe nake sa shi.

Albasa da tattasai su ne maɓoyar ruwa. A kaskon da aka soya nama nake zuba su, in rage wuta, in bar su minti 10 zuwa 12 har albasar ta yi ja-ja ta rage fiye da rabi. Alamar da nake dubawa ita ce in ja cokali a tsakiyar kaskon: idan ruwa ya biyo sawun cokalin ya rufe shi, da saura. In ya tsaya a bushe, sai in mayar da naman, in juya, in juye a faranti mai faɗi, in baje. Ya huce, sannan ya shiga firji aƙalla minti 30. Sai ya yi sanyi ƙalau nake haɗa shi da cuku.

Zaɓin cuku yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Provolone, wani cukun Italiya, shi ne na asali a sanwicin Filadelfiya, ana kuma amfani da cukun Amurka mai falle-falle da Cheez Whiz. Wannan na ƙarshe ruwa-ruwa ne, bai dace da cusawa ba. Mozarela mai ɗan tauri ta ƙunshi tana jan zare amma ba ta da ɗanɗano sosai, ceda kuma tana da ɗanɗano amma tana fitar da mai idan ta ji wuta. Haɗa su rabi da rabi ya fi mini kowanne shi kaɗai. Mozarelar da ke zuwa cikin ruwa a guje ta, jiƙa kwaɓin take yi daga ciki. Cukun Fulani da ake ɗaure shi da ruwan tumfafiya yana da daɗi, sai dai ba ya narkewa, guntu-guntu zai zauna yadda aka sa shi. Kuma yanka cuku ƙanana kamar ƙwayar masara ya fi gogawa, domin gogagge yana narkewa da wuri ya nemi hanyar fita kafin kwaɓin ya kama jikinsa.

Na kwaɓin: fulawa giram 300, bekin fauda babban cokali ɗaya, bekin soda rubu'in ƙaramin cokali, gishiri ƙaramin cokali ɗaya, bota giram 100, nono mililita 200. A kudancin Amurka suna alfahari da fulawa mai laushi irin White Lily, wadda furotin ɗinta ke wajen kashi 9 cikin 100. Fulawar burodi tana kai 12 zuwa sama, kuma yawan furotin shi ke kawo danƙo da tauri. In ita ce a hannu, ina cire giram 40 in maye gurbinsa da kwanfulawa. Ruwan kwaɓin kuwa, abin da suke amfani da shi madara ce mai tsami, wadda asalinta ita ce ragowar da ke saura bayan an kaɗe mai. Nononmu ke nan, kuma yana yin aikin daidai. In kindirmo ne mai kauri, a sirka shi da ruwan sanyi har ya riƙa zuba daga cokali. Tsamin nonon shi ke tayar da sodar, don haka madara zalla ba za ta maye gurbinsa ba sai an ɗiga mata babban cokali ɗaya na ruwan lemun tsami. Bekin faudar ma a gwada ta: rabin ƙaramin cokali a ruwan zafi, in ba ta yi kumfa nan take ba ta mutu.

Bota tana narkewa a wajen digiri 32 zuwa 35, wato zafin ɗakin girki da rana kaɗai ya ishe ta. Falle-fallen biskit kuwa daga guntayen botar da ba su narke ba suke fitowa: a obin ruwan da ke cikinsu ya zama tururi, ya ɗaga kwaɓin da ke samansu. In ta narke tun a kwano, fulawa ta shanye ta, abin da zai fito dunƙule ne mai nauyi. Don haka nake daskarar da botar, in goge ta a manyan ramukan magogi kai-tsaye cikin fulawa, in yamutsa da cokali mai yatsu ba da tafin hannu ba. Kwanon da fulawar ma suna shiga firiza minti 15 kafin nan. Da sassafe ko da dare aikin ya fi sauƙi.

Ina zuba nonon gaba ɗaya, in juya har busasshiyar fulawa ta ɓace, in tsaya. Kwaɓin zai yi kama da wanda ba a gama ba, yatsa-yatsa, haka ake son sa. A juye a tebur mai barbaɗen fulawa, a danna da hannu ya yi faɗi, a ninka gida uku kamar takardar wasiƙa, a juya, a sake dannawa, a sake ninkawa. Sau uku ya isa. Murzawa irin ta burodi ita ke kashe shi.

Wajen cusawa na fi daɗewa ina gwaji. Hanya ta farko ita ce faifai biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, a manne gefe da cokali mai yatsu. Ya fi tashi, amma yana tashi gefen na buɗewa, cuku ya malale a tire ya ƙone. Ta biyu ita ce faifai ɗaya a tattaro bakinsa a ƙulle. Wannan tana riƙe cuku, sai dai inda aka tattaro yakan yi dunƙule mai kauri a gindi, waje ya gasu, can kuma ya rage ɗanye. Da ita na zauna, amma da gyara. Ina raba kwaɓin gida takwas da wuƙa mai kaifi, kowanne wajen giram 75 zuwa 80. In danna kowanne ya kai faɗin santimita 11, in bar tsakiya da kaurin kusan santimita ɗaya, in sirance gefen ya koma rabin haka. Da an tattaro sirantaccen gefen, kaurin gindin sai ya zo daidai da na sama. Haɗin nama da cuku giram 40 zuwa 45 ke shiga kowanne, a dunƙule shi a hannu tukuna, kuma kada maiƙo ya taɓa gefen kwaɓin, domin inda mai ya taɓa ba ya mannewa. A matse bakin, a tsinke abin da ya yi yawa, a kifa ƙullin ƙasa. A sama ina tsaga ɗan rami da bakin wuƙa don tururin naman ya sami mafita. In babu ramin, tururin kan buɗa kogo tsakanin nama da ɓawo, ko ya fasa ƙullin.

Ina jera su a tire kusa da juna har gefensu ya kusa haɗuwa, hakan na sa su tashi sama maimakon su baje. Su koma firji minti 20 yayin da obin ke ɗaukar zafi. A shafa nono ko ƙwai a samansu kawai. Biskit zalla a digiri 220 ake gasa shi, amma mai ciki a wannan zafin samansa kan yi duhu kafin tsakiya ta nuna. Abin da ya yi mini shi ne minti 8 a 220 don ya tashi, sannan a rage zuwa 190 na minti 12 zuwa 14, ba tare da buɗe ƙofa a mintuna 10 na farko ba. In obin gas ne mai wuta daga ƙasa, a haɗa tire biyu ɗaya cikin ɗaya, a ɗora a matakin sama da tsakiya. Kalar sama ba ta isa shaida ba. A ɗaga na tsakiyar tire a dubi gindinsa da gefen da ya jingina da ɗan'uwansa, in da sauran danshi a ƙara minti 3.

Da sun fito ina shafa musu narkakkiyar bota da dakakkiyar tafarnuwa kaɗan, in ɗauke su daga tiren zuwa kan raga don gindin kada ya yi gumi, in bar su minti 10 cukun ya natsu. Tunda akwai nama a ciki, kada su wuce awa biyu a waje, lokacin zafi kuwa awa ɗaya. A firji suna kwana uku, a ɗumama a obin a digiri 170 na minti 10. In don ajiya ne, gara a daskarar da su ɗanye a kan tire, a zuba a leda, ranar buƙata a gasa daga firiza kai-tsaye a ƙara minti 6 zuwa 8 a zafin 190.