Ruwa a Duniyar Wata

Yau da yamma a Tudun Wada muna jiran ɗan garuwa, ƙanwata ta miƙo mini waya: "Yaya, wai wata mata ta gano ruwa a duniyar wata!" Masaniyar kimiyya Casey Honniball ce da abokan aikinta, a 2020, da na'urar hangen nesa ta SOFIA da a lokacin take cikin jirgin sama na Boeing 747. Ko ƙafa ba ta sa a can ba. Hasken infurared, wanda ido ba ya gani, shi ta karanta daga Clavius, wani babban rami a duniyar wata, inda rana ke dukan ƙasa. Ruwan ma ɗan kaɗan ne, na hamadar Sahara ya ninka shi sau 100.

Ƙanwar nan tawa sai da ta karanta labarin har ƙarshe, bokiti a hannu. Ina ganin kimiyya za ta karanta, ba aikin akawun da Baba yake so ba.