Yadda na tatsi lantarki daga tafin takalmina a hunturun Sakkwato

Duk wanda ya yi hunturu a Sakkwato ya san abin nan: ka janye bargo da tsakar dare ka ji ƙas-ƙas, ka ga tartsatsi shuɗi a cikin duhu, ko ka kai hannu ga ƙofar mota ta ɗana maka. Muna yara Inna kan ce sanyi ne ke cizo. Na shekara tara ina gyaran waya da rediyo a Mabera kafin na ce bari in kama wannan cizon in ga ko zai yi mini aiki.

Abin da ya tunzura ni shi ne labarin Farfesa Zhong Lin Wang, wanda shi da ɗalibansa suka fitar da ɗan janareton gogayya a 2012 a jami'ar Georgia Tech ta Amurka, wanda ake kira TENG. Dabarar ba ta da wuyar fahimta. In abu biyu mabambanta suka taɓa juna, ɗaya kan ƙwace wa ɗaya caji. In ka raba su, ka kuma manna wa bayansu ƙarfe da waya, cajin zai bi wayar don ya daidaita. Ka sake haɗa su, ya dawo. Haɗuwa da rabuwa ke nan, kuma ƙafar mutum ba ta da wani aiki sai wannan in yana tafiya.

Kayan duk a gari na same su. Na yanka gwangwanin lemo na miƙar, na kankare fentin da sanfefa, na fitar da faranti biyu kamar faɗin tafin hannun yaro. Ɗaya na naɗe shi da farin tef ɗin nan da masu gyaran famfo ke naɗa wa bakin bututu, domin Teflon ne, kuma a cikin abubuwan da ke ƙwatar caji kusan babu kamarsa. Na sa gutsattsarin soso a kusurwa huɗu don su ɗaga farantin in an ɗauke ƙafa.

Kuskurena na farko ya ci mini mako biyu. Na karanta cewa nailan shi ne abokin Teflon, sai na ɗauko baƙar leda na shimfiɗa a ɗaya farantin, tunda mu nan leda muke ce wa nailan. Na taka, na taka, ko ƙyaftawa ɗan ƙwan lantarkin da na haɗa bai yi ba. Ashe ledarmu wata roba ce daban, kuma ita ma ƙwatar caji take yi kamar Teflon. Na haɗa mabarata biyu ke nan, kowa na miƙa wa ɗan'uwansa ƙoƙo. Da na cire ta na sa ƙyallen tsohuwar safa ta nailan ta gaske, taku ɗaya ƙwan ya yi wal.

Na jera ƙananan ƙwayaye 20 na LED a layi ɗaya, na cusa farantin cikin kambas ɗina, na fita tsakar gida bayan sallar isha'i, a watan Janairu, an ɗauke wuta. Duk taku sai su haska gaba ɗaya su mutu. Ƙanena ya biyo ni da gudu yana cewa, "Yaya, wanga abu zai caja waya?" Ni ma a daren nan abin da ke raina ke nan, har barci ya gagare ni.

Washegari na zauna da alƙalami. Wutar da ke fitowa kai-da-komo take yi, don haka na haɗa diyod huɗu, 'yan abubuwan nan da ke barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai, suka miƙar da ita, na tara ta a ɗan rumbun caji, wato kafasito, mai mikrofarad 10. Sai da na yi taku wajen 300 kafin ya kai bolt 5. A ma'aunin makamashi, wannan jul 0.000125 ne kacal. Batirin wayata mai 5000 mAh yana ɗauke da jul kusan 68,000. Wato sai na cika kafasiton nan fiye da sau miliyan 500. Raina ya sosu, amma a nan na gane halin abin: ƙarfin turawarsa babba ne, shi ya sa yake kunna ƙwai 20 a jere, amma ruwan wutar da ke gudana ɗigo ne, mikro'amfiya kaɗan. Shi ya sa ma mita mai araha ke yaudarar mutum, tana shanye ɗan abin da ya fito kafin ta nuna shi. A ɗakunan bincike suna da da'irori na musamman da ke rage asarar, amma ko su sun fi karkata ga ƙananan na'urorin ji da awo, irin masu ƙirga taku ko lura da numfashi. Duk wanda ya tallata maka takalmin da zai cika waya daga gida zuwa Babbar Kasuwa, ka riƙe kuɗinka.

Sai bazara ta shigo. A Afrilu, da zafi ya haura digiri 40, ko rabin sa'a ban yi ba gumi ya jiƙe safar, hasken ya dushe. A Agusta kuwa ko a kan tebur da ƙyar yake motsi, domin laimar iska na kwance a kan tef ɗin tana zurarar da cajin. Ƙura ma ba ta bar ni ba, duk kwana uku sai na goge farantin. Na yi mamakin yadda busasshiyar iskar da muke kuka da ita, mai tsaga leɓe da dunduniya, ita ce lokacin da na'urar ta fi lafiya.

Yanzu na fitar da ita daga takalmi. Na ƙara mata faɗi, na rufe ta ruf cikin leda mai kauri tare da 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa a kwalin takalma, na shimfiɗa ta ƙarƙashin tabarmar bakin zaure. Duk wanda ya tako, ƙwayayen da ke saman teburina sai su ƙyafta, in san an shigo ko da na duƙufa a kan waya da kan-wuta a hannu. Ba batir, ba soket. Damina guda ta wuce a kanta tana aiki, sai dai soson kusurwa ɗaya ya kwanta, gobe zan sauya shi da ɗan guntun robar silifa.