Wasa 41 bayan kusan shekara tara

Ɗan yayana ya shigo min da takalman ƙwallo a leda, wai ya fasa zana WAEC, wani dillali zai kai shi gwaji Turai. Da na ɗaure fuska sai ya ce, "Baffa, ai kai ma ka buga."

Na buga. Ina aji biyar na ajiye littafi saboda ƴan kallo a filin unguwa suna kiran sunana. Mahaifinmu ya yi faɗa har ya gaji, na ce tsufa ne. Kuma ba wai ban iya ba, sa'o'ina sun san ƙafar hagun nan. Da na samu mai tsaya min... haka dai nake lallashin kaina. Gwiwa ce ta tashi, kulob ya sallame ni ba ko sisi, na dawo gida ba takarda ba sana'a, ƙannena ke ba ni kuɗin cefane. Amma fisabilillahi, yaron da ake tafa wa, wa zai iya mayar da shi aji?

Akwai Gift Ngoepe, ɗan Afirka ta Kudu mai wasan besbol, ƙwallon sandar nan ta Amurkawa. A wani ɗan ɗaki cikin ginin kulob ɗin Randburg Mets ya tashi, inda mahaifiyarsa ke aiki. Ƴan kulob ɗin Pittsburgh Pirates na Amurka suka ɗauke shi a 2008, yana tsaron cikin fili. Ya yi ta gararamba a ƙananan rukunai, sai ran 26 ga Afrilu 2017 ya taka babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, na farko da aka haifa a nahiyar Afirka. Fitowarsa ta farko ya maka ƙwallon da Jon Lester na Chicago Cubs ya jefo. Wajen cafke ƙwallo ba a magana, sandar ce ta ƙi shi. Zuwa 2018, a kulob ɗin Toronto, zamansa a MLB ya ƙare. Wasa 41 kacal. Wanda ya kai ke nan fa, ba irina ba.

Na so in jero muku shawara goma, to ku yaran yanzu layi uku a waya ya gundure ku. Ku zana jarrabawar. Dillalin da ya ce a fara biyansa, ɓarawo ne. Ku rabu da ƙwallo. A'a, ku buga, wanda bai gwada ba ma cizon yatsa yake yi. Amma ranar da gwiwa ta yi ƙara ku nufi asibiti, kada ku naɗe ta da bandeji ku koma fili don tsoron koci ya ba wani rigarku.