Farar sifikata ta koma ruwan ɗorawa

Wallahi abin ya min ciwo, farar sifikar da na saya a babbar kasuwar Garwa ta dafe ta koma ruwan ɗorawa. Na goge da omo, na sa jabel, wato ruwan bilic na farar da kaya, ko gezau. Ashe ba datti ba ne, rana ce ke cin robar, ni kuwa bakin taga nake ajiye ta.

Wani mai gyaran rediyo ya ce in kwance murfin tukuna kada ruwa ya shiga ciki, in shafa masa wani sinadari mai kauri na masu gyaran gashi da ake kira o oksijene (hydrogen peroxide), in naɗe a farar leda in shanya awa 4 ina juyawa. Sai da safar hannu fa, yana cin fata. Ta yi fes, saura gefen da inuwa ta rufe, gobe zan sake in Allah ya yarda.